Yadda Ake Sarrafa Aikatau na Faransanci a Plus-que-parfait du Subjonctif

Duk shekara idan jarrabawar bak ta ƙarato, ɗakin da nake ba da darasin yamma a Sabon Gari yakan cika maƙil. Wasu ƴan cikin Maraɗi ne, wasu kuwa kabu-kabu ke sauke su daga Tibiri ko Jiratawa, kaye a hammata. Kuma ba a rasa wanda zai buɗe littafin Bescherelle, ya ɗora yatsa can ƙasan shafi, ya ce: "Mushe, wannan kuma wane irin Faransanci ne, que nous eussions mangé?" Nakan ce masa ya kwantar da hankalinsa. Kalmomi 12 kacal zai haddace, sauran duk ya san su tun yana koleji.

Da farko, ka gano mataimakin da aikatau yake bi. Wanda yake bi a passé composé, shi zai bi a nan. In kana cewa j'ai vendu, to avoir ne. In je suis parti kake cewa, être ne. Masu tafiya da se, irin su se lever, duk na être ne.

Na biyu, ka sa mataimakin a imparfait du subjonctif. Ɗauki passé simple na tu, wato tu eus da tu fus, ka ƙara se a ƙarshe: eusse, fusse. Daga nan sauran ke fitowa.

Avoir: que j'eusse, que tu eusses, qu'il eût, que nous eussions, que vous eussiez, qu'ils eussent.

Être: que je fusse, que tu fusses, qu'il fût, que nous fussions, que vous fussiez, qu'ils fussent.

Ka yi bitarsu da ƙarfi kamar karatun allo, safe da yamma, har baki ya saba.

Na uku, ka liƙa participe passé a baya: que j'eusse vendu, que nous fussions partis. Da être, participe yana bin mai aikin, mace ce ko namiji, ɗaya ne ko da yawa: qu'elle fût partie, qu'elles fussent parties. Da avoir kuwa, ba ya motsi sai in abin da aka yi wa aikin ya rigaye shi a jimla. In ana zancen les arachides, gujiya ke nan, sai ka rubuta bien qu'il les eût vendues.

Na huɗu shi ne malfa, kuma a nan maki ke zubewa. Malfa nake kiran alamar nan mai tsini da ke kan û, wadda ake ce wa accent circonflexe. Il eut fermé da il eût fermé sautinsu ɗaya ne a kunne, amma na farko passé antérieur ne, na biyu shi ne namu. Wata ɗaliba ta taɓa nuna mini diktenta, jan biro ya zagaye eût wuri uku. Ta ce: "Mushe, ai na ga que a gaba, shi ya sa na ɗora." To, que ba shaida ba ce, don dès que ma tana da shi, kuma ba ta kiran subjonctif.

Ga dabarar: mayar da jimlar jam'i a zuciyarka, kunne zai raba gardama. Dès qu'il eut fermé la boutique, il partit zai koma dès qu'ils eurent fermé. Ka ji eurent, babu malfa. Bien qu'il eût fermé la boutique zai koma bien qu'ils eussent fermé. Ka ji eussent, ɗora malfa. Haka fut da fût: furent ko fussent. Kada wani ya ce maka an daina rubuta malfar. Gyaran rubutun Faransanci na 1990 ya yarda a cire alamar daga kan i da u a kalmomi da dama, amma ya bar ta a kan eût da fût.

Na biyar, ka san inda ake sa shi. Abu uku ke haɗuwa: babban aikatau yana lokacin da ya wuce, yana kiran subjonctif, sannan aiki na biyu ya riga na farko faruwa. Le commerçant regrettait que le camion fût déjà parti pour Dan Issa. Ɗan kasuwa ya yi takaici don motar ta riga ta tafi Ɗan Isa. Wannan "riga" tamu ita ce mabuɗin: tafiyar motar ce ta fara, takaici ya biyo.

Akwai amfani na biyu, wanda Bahaushe ya fi saurin kamawa, don muna da shi a "da... da...". Da an yi ruwa a Tibiri, da hatsi ya tsiro: s'il eût plu à Tibiri, le mil eût poussé. Nahawu na kiran eût poussé ɗin nan conditionnel passé deuxième forme, kuma daidai yake da aurait poussé.

Ba za ka ji wannan lokaci a babbar kasuwar Maraɗi ba, ko a titunan Faris. A baka, que le camion soit parti ake cewa. Kuma tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci ya koma harshen aiki. Duk da haka ina koyar da shi da zuciya ɗaya, domin har gobe da Faransanci ake rubuta bak, da shi ake karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Wanda ya buɗe Les Misérables na Victor Hugo, na 1862, ko L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, na 1961, zai ci karo da eût da fût, kuma ba na son ɗanmu ya tsaya cak a tsakiyar jimla saboda harafi uku.

Yau da dare ka ɗauki vendre, venir da se lever, ka sarrafa kowanne sau shida, layi 18 ke nan. A venir da se lever ka sa elle da elles a madadin il da ils, don ka gwada participe: qu'elle fût venue, qu'elles se fussent levées. In ka gama, koma layi na uku na kowanne ka duba ko malfa na nan.