Ba a koyon kyamara ranar suna

TAMBAYA: Ina zaune a unguwar Mayo, kudancin Khartum. Yayana da ke aiki a Jidda ya aiko mini da kyamara Canon, amma har yau ban taɓa juya ta daga Auto ba, maɓallan tsoro suke ba ni. Ranar sunan ɗan ƙanwata na ji kunya: hotunan tsakar gida fuskoki sun fito baƙi ƙirin, na cikin ɗaki kuma dishi-dishi. In sayar da ita ne in koma wa wayata?
Daga wani mai karatu, Mayo

AMSA: Kada ka sayar. Kyamararka lafiyarta lau, hannunka ne bai san ta ba tukuna, ka kuma je ka jarraba ta ranar da babu damar maimaitawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Dubi mai shayin bakin titinku. Tana hira da mutum uku, idonta na kan gawayi, hannunta kuwa yana zuba sukari da citta ba tare da ta leƙa gwangwani ba. Irin wannan sabon nake so yatsunka su yi da kyamara, kuma ba ya samuwa sai da ɗauka kullum.

Maɓallan da suka firgita ka, uku ne kawai jigonsu, dukkansu kuma a kan haske suke aiki. Akwai ƙofar haske, wadda ake rubuta ta da f: ƙaramar lamba kamar f/3.5 ƙofa ce a wangale, f/16 kuwa tsukakkiya. Akwai saurin ƙiftawa: 1/500 na tsayar da yaro mai gudu cak, ƙasa da 1/60 kuwa rawar hannunka ma sai ta ɓata hoton. Sai ISO, wanda ake ɗagawa idan wuri ya yi duhu, sai dai in ya yi yawa hoto yakan yi yashi-yashi.

Da wannan za ka gane abin da ya same ka ranar suna. A tsakar gida, fararen jallabiyoyi da rawuna ne suka cika idon kyamarar a cikin ranar Khartum mai dukan ido. Ita kuwa na'urar awon haskenta tana ƙoƙarin mai da kome tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi, sai ta rage haske, fuskokin mutanenka suka nutse. Maganinsa maɓallin nan mai alamar +/-: ka ƙara ɗaya, ka duba fuska, ka rabu da riga. Wannan maɓalli shi ne na farko da ya kamata duk mai ɗaukar baƙar fata ya haddace. A cikin ɗaki kuma haske ne ya yi kaɗan, kyamarar ta daɗe tana ƙiftawa, mata suna motsi. Da ka kai ISO 1600, ka buɗe ƙofa iya buɗewarta, ka zaunar da mai jego kusa da taga, da an samu abin tunawa.

To ga aikin da zan ba ka. Minti goma sha biyar kullum a cikin gida, maɓalli ɗaya a mako. Makon farko ka juya zuwa Av, inda kake saita ƙofar haske, ka ajiye butar jabana a kan gado, ka ɗauke ta a f/3.5, f/8 da f/16, ka ga yadda bangon bayanta ke narkewa yana dawowa. Mako na biyu Tv, na saurin ƙiftawa, ka sa ƙanenka ya riƙa tsiyayar ruwa daga tulu har ka kama ɗigon a tsaye a iska. Na uku, ISO bayan magariba, da fitila ɗaya. Sai a na huɗu za ka taɓa M, inda kai ke saita dukkan ukun, ka fara da tsohuwar ƙa'idar tsakar rana: f/16, ISO 100, 1/125. Kowane hoto yana ajiye lambobin da aka ɗauke shi da su, don haka kada ka yi saurin goge munanan, su ne za su gaya maka inda ka kauce. Da dare kuma ka rufe ido ka lalubi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kana kiran sunansu, kamar mai tilawa.

Na ce a cikin gida, kuma da gangan na faɗa. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, Mayo ta ga abin da ba a fatan maimaicinsa, kuma mai kyamara a titi abin zargi ne. Kada ka ɗaga ta wajen soja, shingen bincike ko gada. Mace kuwa, ko 'yar uwarka ce, sai da izininta. Idan hankula sun kwanta, ga mai agashe da hayaƙinsa da yamma, ga zikirin Juma'a a Hamad al-Nil ta Omdurman gab da faɗuwar rana, inda haske ke sauyawa minti-minti, ba ya jiran mai lalube.

Ƙura ma abokiyar gaba ce. Lokacin habub, wato guguwar ƙura, kada ka kuskura ka cire gilashin gaba, ka nannaɗe kyamarar a leda, kada kuma ka bar ta a rana.

Ƙasar da kake zaune tana da gadon wannan sana'a. Rashid Mahdi a Atbara da Gadalla Gubara a Khartum sun yi shekaru suna aiki da fim, ba su ganin hoto sai an wanke shi. Kai kuwa nan take kake ganin naka, kuma ɗauka dubu ba za ta ci maka ko fam ɗaya ba. Tarihin Hausawan Sudan, tun daga Maiurno har Mayo, yana bukatar ɗan gida mai ɗaukar hoto.

Bayan kwana arba'in ka aiko mini da hotuna goma, biyar da suka yi maka, biyar da suka ƙi, tare da lambobinsu, mu duba su tare. A gaishe mini da mai jego, Allah ya raya jariri, ya dawo muku da zaman lafiya.