Likitan Ƙwaƙwalwar Yara: Dokta Ben Carson

Da yawa cikinmu mun taɓa ganin jariri a ƙauyukan ƙasar Daura wanda kansa ke ta girma ya fi ƙarfin jikinsa, har a ce aikin iskoki ne. Ba iskoki ba ne. Ruwa ne ke taruwa cikin ƙwaƙwalwa, wani lokaci bayan ciwon sanƙarau, kuma akwai likitocin da aikinsu ke nan. Bari mu duba rayuwar ɗaya daga cikinsu.

An haifi Ben Carson a birnin Ditiroyit na Amurka a 1951. Yana da shekara 8 iyayensa suka rabu, uwar ta shiga aikatau don ta ciyar da su. Shi ne na ƙarshe a aji, har yara na kiransa daƙiƙi. Sai uwar ta rage musu kallon talabijin, shi da wansa, ta ɗora musu karanta littafi biyu kowane mako, su rubuto mata abin da suka fahimta. Ashe ita kanta da ƙyar take iya karatu!

Ya gama karatun likita a Jami'ar Mishigan a 1977. A 1984, yana ɗan shekara 33, ya zama shugaban sashen tiyatar ƙwaƙwalwar yara na asibitin Johns Hopkins.

A 1987 ya jagoranci mutum 70 suka yi awa 22 suna raba tagwaye 'yan Jamus da aka haifa manne da juna ta ƙeya. Duniya ta yi ta yabo. Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, yaran sun rayu amma dukansu sun nakasa ƙwarai. Sai a 1997, a Afirka ta Kudu, ya raba wasu tagwaye 'yan Zambiya suka tashi lafiya. Ya ajiye aikin tiyata a 2013 ya shiga siyasa. Wannan wani zance ne.

Mu koma kan jaririn namu. Maganinsa bai kai wahalar raba tagwaye ba: siririn bututu ake sawa ƙarƙashin fata, ya riƙa janye ruwan daga kai zuwa ciki. Ana yin wannan aiki a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato. In muka ga maɗigar ƙanenmu ta kumbura, idanunsa na kallon ƙasa, yana yawan amai, mu gaya wa iyayenmu a kai shi asibiti tun ruwan bai danne ƙwaƙwalwar ba.