Batirin Babur: AGM Ko Litiyam?

Babur mai sitata da batir yake tashi. Ham da sigina ma da shi suke aiki. Ranar da batir ya mutu, sai mai babur ya koma buga kik, ko ya roƙi yaran unguwa su tura shi. Ga ɗan acaba ko ɗan kabu-kabu, wannan asarar fasinja ce tun da sassafe.

A da batirin ruwa kowa ya sani, wanda ake buɗe murfinsa a ƙara masa ruwa. Yanzu in ka shiga shagon kayan babur, za a nuna maka rufaffen batir da ake kira AGM. A wasu shagunan kuma akwai na litiyam, mara nauyi, mai tsada. Wanne ya dace da kai?

Ka fara da karanta abin da aka rubuta a jikin tsohon batirinka. Za ka ga lambobi kamar haka: 12V 7Ah. Lamba ta farko ƙarfin wutar ce, wato bolt 12. Ta biyu tana nuna yawan wutar da batirin yake iya ajiyewa. Ƙananan babura sun fi amfani da 5Ah ko 7Ah. Ka duba kuma gefen da alamar + take da gefen da alamar − take, domin wayoyin babur gajeru ne. In sabon batir ya zo a juye, ba za su kai ba.

Batirin AGM da dalma da asid yake aiki, kamar batirin ruwa. Tsohuwar dabara ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859. Abin da aka sake a AGM shi ne an shimfiɗa wani abu mai laushi na zaren gilashi tsakanin farantan dalmar, ya shanye asid ɗin kamar yadda soso yake shan ruwa. Saboda haka ko babur ya faɗi, asid ba ya zubowa ya cinye wando ko fenti. Ba a ƙara masa ruwa, ba a ma buɗe shi. Yana kuma jure girgiza, abin da duk mai bin hanyar ƙauye ya san amfaninsa.

Matsalarsa zama ba caji. In aka ajiye babur wata da watanni ba a tayar ba, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantan, daga nan batirin ba zai sake riƙe caji kamar da ba. Zafi ma yana rage masa kwana. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri yakan wuce digiri 40, don haka ajiye babur a inuwa ba gata ba ne kawai ga kujera.

Batirin litiyam na babur yawanci an rubuta LiFePO4 a jikinsa. Ɗan'uwan batirin waya ne, amma haɗinsa daban, kuma ya fi shi wuyar kama wuta. In ka ɗaga shi sai ka zaci kwali ne babu komai ciki, don nauyinsa bai fi kashi ɗaya cikin uku na batirin dalma ba. Yana juya sitata da ƙarfi. Ana iya cire shi a ajiye watanni, a dawo a tarar da wutarsa. Mai kyau, in an kula da shi, ya fi AGM daɗewa. A ƙasashen ƙanƙara ana kukan yana yin nauyin tashi da safe, amma hunturunmu bai cika kai wa can ba.

To, ina wahalar? Ta farko kuɗi: yakan ninka AGM sau biyu ko uku. Ta biyu, ko da yake yana da ƙarfin tayar da inji, wutar da yake ajiyewa ba ta da yawa. Mai cajin waya a jikin babur, ko mai kunna lasifika yana zaune a tasha inji a kashe, zai iya shanye shi da wuri. Litiyam kuwa in ya ƙare ƙarƙaf, wani lokaci ya tafi ke nan. Masu kyau suna da ɗan allon kariya a ciki, ana rubuta shi BMS, wanda yake yanke wuta kafin a yi ɓarna. Na jabu ba lalle ne su zo da shi ba, kuma ido ba ya ganewa daga waje. Ta uku caja. Wasu cajojin batirin dalma suna tura wuta mai ƙarfi don narkar da gishirin nan, wannan kuwa yana kashe litiyam. Ke nan ba kowane mai cajin batir na bakin hanya za ka miƙa wa shi ba.

Kafin ka sayi ko wanne, akwai gwajin da ya fi zaɓen muhimmanci. Sau da yawa batir ba shi da laifi, rektifaya ce ta lalace, wato na'urar da take daidaita wutar da inji yake tura wa batir. Ka ce wa makanike: "Oga, ɗora mini mita mu gani." In inji a kashe yake, cikakken AGM zai nuna 12.6 zuwa 12.8, cikakken litiyam kuma 13.2 ko sama kaɗan. Sai a tayar da babur a ɗan ba shi wuta. Lambar ta tsaya tsakanin 13.8 da 14.5. In ta ƙi haura 13, batir ba ya samun caji. In ta kai 15, wuta ta yi yawa, za ta dafa sabon batir, kuma litiyam ya fi saurin lalacewa a haka. A gyara wannan tukuna.

A ganina, mai ƙaramin babur da yake hawa kullum, AGM mai kyau ya ishe shi. Babur ɗin da yake aiki kowace rana yana cika batirinsa da kansa, kuma rage nauyin kilo ɗaya ko biyu ba komai ba ne ga wanda yake ɗaukar buhun masara. Litiyam ya fi dacewa da mai babban babur da yakan daɗe a ajiye, wanda rektifayarsa lafiya lau, yana kuma da cajar litiyam a gida.

Tsohon batir kuma kada a bar shi a tsakar gida. Dalma guba ce, yara ta fi kamawa. A 2010 gubar dalma daga ƙasar haƙar zinari ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Kada ka fasa batir, kada ka jefa shi a wuta, kada ka zuba asid ɗinsa kusa da rijiya. Ka kai shi shagon da ka sayi sabo ko wurin masu sayen tsofaffin batura, sannan ka wanke hannunka da sabulu kafin ka ci abinci.