Zama na Farko da Mai Ba da Shawara: Yadda Ake Farawa

Ma'aikatan asibitocinmu sun saba da irin wannan majinyacin. Magidanci ne mai kimanin shekara arba'in, ya zo da ciwon kai, da faɗuwar gaba, da jin kamar wani abu na yawo a jikinsa. An yi gwajin maleriya da na taifot, an auna jini, duk lafiya lau. Ya sha jiƙo, ya sha rubutu, ya sayi ƙwayoyi a kemis har ya gaji. Rannan wata nas ta ɗaga kai daga katinsa ta ce, "Malam, yaya barci?" Ya yi jim, sannan ya ce tun daren da 'yan bindiga suka shiga garinsu bai ƙara samun barcin awa uku a jere ba.

Amsar nan tasa ita ce mafarin magani. Abin da ya rage shi ne a samu wanda zai zauna da shi a ci gaba daga inda ya tsaya.

Aikin mai ba da shawara ke nan. Mutum biyu ne a ɗaki, ƙofa a rufe, minti 45 zuwa awa ɗaya, yawanci sau ɗaya a mako. Ya sha bamban da nasihar da muka sani, inda babba ke magana ƙarami ya sunkuyar da kai yana cewa "to". A nan mai damuwar ne ke da bakin magana. Ƙwararren yana saurare, yana tambaya, yana koya masa dabarun da aka jarraba aka ga amfaninsu, har su tsara abin da zai gwada kafin zama na gaba.

Masu bukatar wannan suna da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa, miliyan 301 kuma da ciwon fargaba. A Najeriya, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gano mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 da suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara ɗaya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. An rufe famfo ɗaya, amma ƙishin da ya kai matar aure ko ɗan acaɓa ga kwalbar yana nan, shi ne abin da ake zama a kansa.

Yaushe ya kamata a je?

Baƙin ciki bayan rasuwa ko karayar arziki ba ciwo ba ne. Ya zama abin kai wa ƙwararre idan ya kai mako biyu kusan kullum, abin da mutum ke jin daɗinsa da ya fita masa a rai, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani. A fargaba, alamar ita ce zullumin da ba ya sauka, bugun zuciya, gumi da jin kamar ajali ya zo alhali likita bai ga komai ba. Wanda ya ga tashin hankali, kamar hari, garkuwa, hatsarin mota ko fyaɗe, ya lura idan an wuce wata guda abin yana dawo masa a mafarki ko ido biyu, ƙarar babur na sa shi zabura, yana kauce wa hanyar da abin ya faru. Mai shaye-shaye kuwa ma'auninsa uku ne: ya sha yin niyyar bari ya kasa, abin da ke isarsa da ya daina isa, kuma yana ci gaba duk da ya ga ɓarnar a gidansa da sana'arsa.

Abin da ke tsayar da mutane a bakin ƙofa sananne ne. An raine mu a kan cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, namiji ba ya kuka, mace ta yi haƙuri. Sunayen asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware ma sun zama abin zolaya a bakin yara. Wasu kuma na tsoron a ce imaninsu ne ya yi rauni. Amma tun sama da shekara dubu, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi kan kula da jiki da rai, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke faɗo wa mutum haka kawai, ya kuma ce rai na bukatar magani kamar yadda jiki ke bukata. Addu'a da ganin ƙwararre ba kishiyoyi ba ne, kamar yadda mai hawan jini ke addu'a yana shan maganinsa. Kuma kakannin da suka yi maganar tuwo su ne suka ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Ina za a nufa?

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, haka ma babban asibitin ƙasa na Yamai. Wanda ke nesa da waɗannan ya fara da babban asibitin garinsu, ya nemi a tura shi. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara ga mai son barin ƙwaya.

Yana da kyau a san bambancin ma'aikatan. Likitan ƙwaƙwalwa shi ke da hurumin rubuta magani, kuma irinsu ba su kai 300 ba a Najeriya, ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Masanin halayyar ɗan Adam da mai ba da shawara da magana suke aiki. Saboda ƙarancin hannu aka fito da wasu hanyoyin. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su yi zama shida da mai damuwa, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna sauƙin da aka samu. A Maiduguri, gidauniyar Neem ta Dakta Fatima Akilu ta riƙa kai masu ba da shawara cikin unguwanni a keken napep. Abin dubawa shi ne horo da kulawar ƙwararru, ba girman ofis ba.

Wurin da za a guje wa shi ma a bayyane yake. A Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan gyaran tarbiyya a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa. Duka da sarƙa ba sa warkar da jaraba, firgici suke ƙarawa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta tanadi mutunta majinyaci da neman yardarsa.

Abin da ke faruwa a ɗakin

Zaman farko na fahimtar juna ne. Za a tambayi mutum abin da ya kawo shi, yaushe ya fara, yaya barci da aiki da iyali, ko akwai wani ciwo ko maganin da yake sha. Mai yiwuwa a bi wata takarda mai tambaya tara ta auna damuwa, ko mai bakwai ta fargaba. Za a kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Kowa ake yi wa wannan tambayar, kuma faɗin gaskiya a nan na ceton rai.

Ba dole ba ne ya zazzage komai a ranar. Matar da aka yi garkuwa da ita tana da ikon cewa, "Likita, wannan ba zan iya faɗa ba tukuna," kuma ƙwararre na gari zai bar maganar, ya fara koya mata yadda za ta daidaita numfashi da samun barci. Idan ta fi sakewa da mace 'yar'uwarta, ta nema. Abin da aka faɗa sirri ne, ba a kai wa miji ko uba ko shugaban wurin aiki, sai fa idan rayuwar mutum ko ta wani na cikin hatsari. Shi ma mai zuwan ya yi nasa tambayoyin: wane horo aka samu, zama nawa ake sa rai, nawa ne kuɗin kowane zama, wa zai ga fayil.

Daga nan aiki ya danganta da matsalar. Ga damuwa da fargaba, hanyar da Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960 ta fi yaɗuwa: a kamo tunanin da ke zuwa da kansa, irin "na zama kaya a wuyan 'ya'yana", a auna shi da hujja, a kuma mayar da mutum ga ƙananan ayyukan da ya watsar, ko da zuwa majalisa ne bayan la'asar. Yawanci zama 8 zuwa 20 ne. Ga shaye-shaye, ana fara da dalilan mutum na kansa na son bari, sannan a gano abin da ke tayar da sha'awar: wane aboki, wace kwana, wane lokaci.

Akwai gargaɗi ɗaya mai nauyi. Wanda ya daɗe yana shan giya da yawa, ko ƙwayoyin barci irin su diyazefam da roci, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai, domin hakan na iya jawo farfaɗiya da ruɗewa. Likita ne zai tsara ragewa. Tiramol ma a bar shi ƙarƙashin kulawa. Idan kuma an haɗa wa mutum da maganin damuwa, ya sani sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma ba a ajiye shi don an ji sauƙi sai da izinin likita.

Makonnin farko kan yi nauyi, tun da an taɓa gyambon da aka daɗe da rufewa. Mai barin ƙwaya na iya zamewa ya koma. Abin yi shi ne ya zo zama na gaba ya faɗa, a duba inda aka yi tuntuɓe. Idan bayan zama uku ko huɗu jininsu bai haɗu da mai ba da shawarar ba, ya nemi a sauya masa wani maimakon ya daina zuwa. 'Yan'uwa kuma aikinsu rakiya da kuɗin mota, ban da tsare shi da "me ka gaya masa?" Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyin da babu su, ba a jiran ranar zama: a kai shi sashen gaggawa nan take, kada a bar shi shi kaɗai.

Ranar zuwa, mutum ya riƙe katin asibiti, da kwalayen duk magungunan da yake sha har da na gargajiya, da lambar wayar mutum ɗaya da ya amince da shi. Ya kuma rubuta abubuwa uku da suka fi damunsa a 'yar takarda, domin baki kan yi nauyi da zarar an zauna. Idan maganar ta ƙi fita, ya miƙa takardar.