Yadda Ake Gane Kuɗin Tsohuwar Tarakta

Abin da zan yi bayani a kansa wani darasi ne da na samu a hutun da ya wuce a garinmu Janfalan, cikin ƙasar Ikara. Baffana ya ƙudura niyyar sayen tarakta, wadda mutanenmu kan kira tantan, don ya gaji da bin layin masu haya kowace damina. Sabuwa kuwa ta fi ƙarfinsa, sai tsohuwa wadda aka gyara. Kafin ya haɗa kuɗin ma sai ya sayar da shanun huɗarsa da wani sashe na rakensa. Kun ga ashe abin ba wasa ba ne, gama in ya saya ta tsaya masa a tsakiyar watan Yuni, to, ya yi biyu babu, ba shanu ba tarakta. Da yake ni ne ɗan makaranta a gidan, sai ya ce in ɗauko littafi da biro in bi shi, in riƙa rubuta lissafi.

Taraktar da dillali ya kai mu gani a wani ƙauye ta wajen Makarfi, Massey Ferguson ce mai lamba 135. An ƙera irinta a birnin Kobantiri na Ingila tun daga 1964. Injinta na kamfanin Perkins ne, mai silinda 3, yana shan man gas, ƙarfinsa wajen na doki 45. Ƙarama ce in an gwada ta da manyan na yanzu, shi ya sa masu lambu da masu fadama suke sonta, tana iya juyawa a ƙaramin fili. Ƙarafan nan uku na bayanta da ake maƙala garma ko haro, dabarar wani mutumin Ailan ce mai suna Harry Ferguson, kuma sunansa ne ya zama rabin sunan taraktar. Taraktoci sun yawaita a ƙasarmu zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da shirin noman da Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar a 1980, har aka riƙa harhaɗa Steyr a Bauchi da Fiat a Kano.

Da muka isa sai muka tarar da ita ja wur, fenti sai ƙyalli yake yi, an wanke tayoyi, an sa wa kujera sabuwar leda. Ni dai nan take ta shiga raina. Mai ita ya ce an yi mata gyara daga kai har ƙafa, ta koma sabuwa fil, sa'an nan ya faɗi kuɗin da yake nema. Baffa bai ce uffan ba, sai ya sa ni in mai da kuɗin zuwa buhunan masara a farashin kaka, na lissafa ya kama buhu 200. Dalilinsa shi ne naira ba ta tsayawa wuri ɗaya. Tun da aka sakar mata mara a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a 2024, kayan gyara kuwa duk daga waje suke zuwa. Masara ma tana hawa tana sauka, amma ita ce manomi yake riƙe da ita, da ita zai biya. Saboda haka duk lissafin da zan kawo a nan da buhu zan yi shi.

Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne kalmar gyara tana da fuska biyu. A Ingila da Amurka akwai masu tara tsofaffin taraktoci don sha'awa, har da ƙananan na yankan ciyawar gida irin su John Deere 110 da aka fara yi a 1963. Su abin da suke biya shi ne asali: fentin ya zama kalar kamfani, lambar jiki ta dace da shekarar ƙira, fitila da sitiyari su zama na ainihi. Suna kai ta wurin nuni, su zagaya fili, su mai da ita rumfa su lulluɓe. Mu kuwa a Ikara da Kudan da Makarfi laka za ta shiga, ta ja haro tun asuba, da rani ta ja tirela cike da rake. Saboda haka fenti a wurinmu ba ya ƙara mata ko mudu ɗaya, sau da yawa ma sabon fenti shi ke rufe tsaga da walda. Gyaran da ke da kuɗi shi ne na ciki, wanda ido ba ya gani sai an bincika.

Don haka ne Baffa ya ƙi yin tayi ran nan. Ya ce wa mai ita, "Alhaji, ba a cinikin biri a sama. Gobe da sassafe za mu dawo da bakanike, amma ina roƙon arziki kada kowa ya tayar da ita kafin mu zo." A hanya na tambaye shi dalili, ya ce da ya dafa injin ya ji shi da ɗumi, alhali an ce mana tun jiya ba ta motsa ba. Injin da ya gaji yakan yi gardamar tashi da sanyin safiya, amma in ya riga ya ɗumama sai ya tashi bugu ɗaya.

Kashegari muka koma da wani tsohon bakanike daga Zariya wanda ya daɗe yana aikin taraktoci. A nan ne na ga ilimi, kuma nan ne nake so mai karatu ya natsu. Kafin a tayar da ita ya zaro ma'aunin baƙin mai ya murza a yatsa. Ya ce in mai ya yi fari-fari kamar an zuba madara, to, ruwa yana shiga cikinsa, watau gasket ya ƙone ko kuwa kan injin ya tsage, wannan kuwa babbar ɓarna ce. Nata baƙi ne sumul. Aka tayar, ta tashi a bugu na biyu. Sai ya tsaya yana kallon hayaƙin salansa. Shuɗin hayaƙi, in ji shi, alama ce injin yana cin baƙin mai, ringi sun cinye. Baƙin hayaƙi mai yawa yana nuna man gas ba ya ƙonewa sosai, ko nozul ne ya lalace ko matatar iska ta toshe, wannan gyaransa da sauƙi. Farin hayaƙin da bai ɗauke ba bayan injin ya yi zafi shi ne abin tsoro. Nata ya yi ɗan fari na minti ɗaya ya washe. Ya buɗe murfin lagireto tun ruwan bai yi zafi ba, ya duba ko yana kumfa, bai ga kome ba. Ya tara tafin hannunsa a bakin bututun da injin ke numfashi ta ƙasa, ya ce iskar da ke fita kaɗan ce, da fistin da ringi sun saki da sai ta riƙa huci kamar tukunyar dambu.

Daga nan ya nemi a nuna masa tsofaffin kayan da aka cire. Mai ita ya shiga gida ya fito da buhu, ga tsofaffin fistin 3 da ringinsu, ga kuma rasit na sababbin da ya sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Wannan ya daɗa masa daraja a idon Baffa ƙwarai. Duk wanda ya ce maka ya gyara inji, ka ce ya nuna maka abin da ya cire, in ya fara kame-kame ka san inda aka kwana.

To, amma da aka zo bayan taraktar sai labari ya sha bamban. Bakanike ya sa aka aro haro aka maƙala, ya ɗaga shi sama ya kashe injin, ya ce mu zuba ido. Kafin a ƙirga ɗari haron ya sauko har ƙasa. Lafiyayyar tarakta takan riƙe kayanta a sama na wani lokaci mai tsawo, saukowar nan tana nuna mai yana zurarewa a cikin na'urar ɗagawa. Da aka sake tayarwa kuma sai ta riƙa ɗagawa tana karkarwa, ya ce famfon ma ya gaji. Ya gwada kuloci: ya sa babbar giya, ya taka birki, ya saki kuloci a hankali, injin ya mutu nan take, ya ce haka ake so, da yana sulɓi da injin ya ci gaba da kuka. Tayoyin baya da aka wanke suna ƙyalli kuwa, da ya sa farce sai ga tsaga ko'ina a gefensu, ba za su ga ƙarshen damina ba. Agogon da ke ƙirga awannin aiki bai ko kalle shi ba, ya ce ya mutu tun ban zo duniya ba, sai ya nuna mini yadda ƙafar direbobi ta cinye ƙarfen birki ya yi santsi, ya ce wannan agogon ba ya ƙarya.

Akwai kuma maganar kayan gyara, wadda ita ma tana cikin farashi. An rufe masana'antar Kobantiri tun 2002, amma kamfanin Millat na Lahor a Pakistan ya ci gaba da ƙera Massey Ferguson, kuma mai lamba 240 tana amfani da injin da ya fito daga tsatson na 135. Saboda haka kayanta ba su yanke ba, ana samu a Kano da Zariya da Fanteka ta Kaduna. Tarakta mai araha wadda za ka yi wata guda kana neman ƙarfe ɗaya nata, ta fi kowace tsada, gama aikin haro kwanakinsa ƙirgaggu ne. Takardu ma haka: a duba lambar da ke jikinta ta dace da ta rasit, in kuwa asalinta ta hukuma ce a ga takardar gwanjo, kada a wayi gari 'yan sanda su zo su ja ta.

Yanzu sai lissafi. Hanya ta farko ita ce a nemi 'yar'uwarta da aka sayar kwanan nan, a tambayi abin da aka biya a hannu. Abin da masu kaya ke nema a baki ba ma'auni ba ne, kowa yana iya neman abin da ya ga dama. Baffa ya san wata 135 da aka sayar ta wajen Hunkuyi a kan abin da ya kama buhu 170, lafiyayya, da tayoyi masu kyau, da haronta. Daga nan muka fara ragewa. Tayoyin baya biyu buhu 20, gyaran na'urar ɗagawa buhu 10, haro da wannan ba ta da shi buhu 25. An cire 55 ke nan, saura 115. Sa'an nan muka ƙara 15 saboda injin da aka sabunta da shaida, waccan kuwa ba a taɓa nata ba. Ya zama 130. Ni da na so a bar maganar ƙarin nan tun da mai ita bai san lissafinmu ba, amma Baffa ya harare ni ya ce, "Yaro, kai kana so a ɓoye maka aibi? To, kai ma kada ka ɓoye wa mutum alherin kayansa." Malamanmu na zaure ma suna karantar da haka a babin ciniki na littafin Risala, inda aka hana algus da ɓoye aibin kaya.

Hanya ta biyu ita ce a tambayi abin da taraktar za ta kawo. Kuɗin da za ta ci kafin ta shiga gona shi ne 130 da 55 na gyara da haro, watau 185. Baffa ya ƙiyasta kwana 40 na aikin haro da huɗa a gonarsa da na haya, kowace rana ta bar buhu 1 bayan an fitar da man gas da haƙƙin direba da ɗan abin gyara. Ya ƙara buhu 20 na jigilar rake da masara da taki. Jimla 60 a shekara. In an raba 185 da 60, shekara 3 ke nan da wata guda kafin ta mai da kuɗinta. In kuwa ya biya 200 ɗin da aka nema, jimlar ta zama 255, sai ta haura shekara 4. Ga ƙarfe mai shekara 50, kowace shekara da aka ƙara kasada ce. A ganina wannan hanya ta biyu ita ce mafi muhimmanci, kuma ita ce mutanenmu suka fi mantawa da ita, sai ka ga mutum ya saya don a ce gidan wane akwai tantan.

Kada kuma a manta da dillali. La'adarsa tana ƙaruwa in kuɗin ya ƙaru, saboda haka yabonsa sai a tace shi. Ana cikin ciniki sai ga wani mutum ya zo yana zagaya taraktar, yana cewa shi ma daga Kudan ya zo da kuɗinsa a aljihu. Baffa ya ce masa, "Malam, bismilla, in ka saya Allah ya sa albarka." Mutumin ya yi 'yan dube-dube ya sulale.

Baffa ya taya 130, ya sa ni na karanta wa mai ita lissafin ɗaya bayan ɗaya a gaban shaidu. Alhaji ya ce albarka. Ya ce shi abin da ya kashe a fenti da walda da leda ma ya kai buhu 12. Baffa ya ce, "Gaskiya ne Alhaji, ka kashe, amma ba fenti zan kai gona ba." Aka yi dariya. Alhaji ya sauko 160, Baffa ya hau 140, aka tsaya nan har azahar, muka yi sallama muka hau babur muka koma Janfalan ba a daidaita ba.

Hutu ya ƙare na dawo makaranta. Ranar ziyara da ta wuce innata ta zo ta ba ni labari, wai bayan mako biyu Alhaji ya aiko dillali ya ce ya sallama a 140, kuma shi zai biya la'ada. Baffa ya biya, an ja ta zuwa Zariya wurin bakaniken nan ana gyaran famfo. Shanun huɗa kuwa bijimai biyu ya sayar, ya bar biyu a turke, ya ce sai ya ga yadda ta yi da lakar fadamarmu a daminar bana. Littafin lissafin yana nan a akwatina, ya aiko a ce mini in adana shi, don da shi za mu gwada abin da ta kawo in an yi kaka.