Me Ke Sa Sabon Rumbun Bayanai Jinkirin Jonuwa da Kwantena?

Gabatarwa

A fannin kwamfuta, kwantena ita ce manhajar da aka ƙunshe tare da dukkan kayan aikinta wuri guda, ta yadda za a iya tayar da ita a kan wata na'ura ba tare da sake shiri ba. An aro sunan ne daga kwantenar da jiragen ruwa ke dakon kaya a cikinta. Manhajar Docker, wadda ta fito a 2013, ita ce ta yayata wannan dabara. A 2014 kuma kamfanin Google ya fito da Kubernetes, mai kula da ɗimbin kwantenoni a lokaci guda.

Sai dai kwantena ba ta da riƙo. Da zarar an share ta, abin da ta rubuta a cikinta ya tafi ke nan. Saboda haka akan ajiye muhimman bayanai a rumbun da ke kan wata kwamfuta dabam, a riƙa isa gare shi ta hanyar sadarwa. Ɗaya daga cikin tsofaffin ƙa'idojin yin haka ita ce NFS, wadda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984. Haɗa rumbun da kwantena, har ta gan shi tamkar nata, shi muke kira jonawa.

Ina Matsalar Take?

Kwantena kan tashi cikin 'yan sakan, amma idan rumbunta sabo ne, takan yi minti ɗaya ko biyu tana jira. Dalili shi ne, ƙirƙirar rumbu dabam, shiryuwarsa dabam. Bayan an yanka masa fili, dole a ba shi adireshi, a shigar da sunansa cikin kundin sunaye da ake kira DNS, sannan labarin ya isa ga na'urar da ke ɗauke da kwantenar. Misalinsa kamar sabon gida ne da aka gama ginawa, amma masinjan gidan waya bai san lambarsa ba tukuna. Kamfanin Amazon ya shawarci masu amfani da rumbunsa na EFS da su dakata sakan 90 bayan buɗe sabuwar mahaɗa, domin sunan ya gama bazuwa.

Jira Mai Ninkuwa

Idan Kubernetes ta yi ƙoƙarin jonawa ta kasa, ba ta sake gwadawa nan take. Takan jira rabin sakan. In ta sake kasawa ta jira sakan 1, sai 2, 4, 8, 16, 32, 64, har zuwa iyakar minti 2 da sakan 2. Hikimar ita ce kada dubban na'urori su dami rumbun da bai shirya ba.

To, mu yi lissafi, mu ɗauka cewa gwajin kansa ba ya cin lokaci. Gwajin farko a sakan 0 ne, sauran kuma a 0.5, 1.5, 3.5, 7.5, 15.5, 31.5, 63.5 da 127.5. A ce rumbun ya shirya a sakan 70. Gwajin 63.5 ya riga ya wuce, na gaba kuwa sai a 127.5. Ke nan an yi asarar sakan 57.5 alhali rumbun na nan a shirye. Sauri ya haifi nawa! In wannan manhaja ta asibiti ce ko ta banki, jama'a ne za su tsaya a layi a tsawon wannan lokaci.

Magani

Masana kan bi hanyoyi uku. Na farko, a ƙirƙiri rumbun tun kafin a buƙace shi. Na biyu, kada a tayar da kwantenar sai an tabbatar sunan rumbun yana amsawa. Na uku, a karanta rahoton da Kubernetes ke rubutawa, a gane matakin da ya tsaya, domin wani lokaci ba jinkiri ba ne, kuskuren adireshi ne ko rashin izini, waɗanda jira ba ya maganinsu.

Aikin Aji

1. Idan rumbun ya shirya a sakan 33, sakan nawa za a yi asara?
2. Idan ana sake gwadawa duk bayan sakan 5, mene ne amfanin haka, kuma mece ce illarsa ga rumbun da na'urori 1,000 ke nema?