Baƙin ɓawon ƙasa: taki ne da ba a saye

Ya ku masu karatu na Gaweye da kewayen Yamai, darasinmu na yau a kan wani taki ne wanda ba ya kasuwa.

Shuka tana bukatar wani sinadari mai suna azot. Idan ta rasa shi, ganye ya yi ɗorawa, zangarniya ta ƙanƙance. Shi ne muke biyan kuɗi a kansa idan mun sayi takin ire: cikin kilo 100 na ire akwai kilo 46 na azot. Iskar da muke shaƙa kuwa kashi 78 cikin 100 azot ce, amma hatsi ba ya iya ɗaukarsa daga iska.

Akwai ƙananan halittu da ke iya wannan aiki. Ido ba ya ganin guda ɗaya, sai sun taru. Masana suna ce musu siyanobakteri. Suna kama azot daga iska, su mai da shi abincin shuka.

Wasunsu suna zaune cikin liken, wato busasshiyar gansakukar da ke manne wa dutse da itace. Liken haɗin halittu biyu ne: ɗaya, dangin naman kaza, tana ba da matsuguni, ɗaya koriya tana samar da abinci. Wasu irin liken suna da ƙananan ƙulli inda siyanobakteri ke zaune, kamar ƙullin da ke jikin saiwar wake da gujiya, inda wasu halittun dabam ke irin wannan aiki.

A ƙasarmu, an fi samunsu a saura. Su ne baƙin ɓawon nan da ke rufe yashi. A shekarar 2001, masanin ƙasa ɗan Nijar, Umaru Malam Isa, da abokan aikinsa sun nuna cewa ɓawon yana kama azot idan ya jiƙa. Zarensa kuma yana ɗaure yashi, iska ta kasa kwashe shi.

Amma kofato yana farfasa shi nan da nan, kuma yana daɗewa kafin ya dawo.

Saboda haka:
1. A rage yawan kiwo a saurar da ake hutarwa.
2. Kada a cinna wa saura wuta.
3. A haɗa hatsi da wake a gona.
4. A bar gawo ya girma, shi ma yana ƙara azot.

Wannan taimako kaɗan-kaɗan yake zuwa, don haka a ci gaba da kai takin dabbobi gona.

Tambaya: me ya sa ganyen hatsi ke yin ɗorawa?